Ranar da Takalmi Ya Ƙi Fita a Guci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaban surukina ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Guci ba za su bar ni ba. Zamanin Nasara ne, 'yan shekaru kafin su tattara nasu su tafi. Lokacin ina saurayi, ban daɗe da gama karatu a Damagaram ba, aka turo ni garinmu Magariya ina koyar da yara a lakwal, makarantar Nasara. Kowa "Mushe" yake ce min, wato malam da Faransanci, har tsofaffin da suka san ni tun ina yawo ba wando. (Sunan nan ya shiga kaina ƙwarai. Har tafiyata ta sake, ina tafe ina ɗaga haɓa kamar mai hango wani abu a bayan gari.)

Yarinyar da nake so sunanta Rabi. 'Yar Guci ce, amma takan zo Magariya wurin gwaggonta, wadda katanga ce kawai ta raba gidanta da namu. Rabi ba ta shakkar bakin kowa. Ranar da na fara yi mata magana sai na riƙa cakuɗa Faransanci a ciki don in burge ta. Ta tsaya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mushe, mura kake yi? Na ji maganar duk ta hanci take fita." Na koma gida ina jin haushi, na kwana ina dariya ni kaɗai, da gari ya waye na san ita zan aura.

Inda aikin yake shi ne wurin mahaifinta, Malam Ilu. Manomi ne mai shanu, mutum mai nauyin baki, kuma ba ya ko son jin sunan lakwal. An ce duk sanda mutanen kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, suka fito neman yaran da za a sa karatun Nasara, sai ya kora 'ya'yansa maza daji da shanu, ba su dawowa sai ƙurar ta lafa. Abin da ya ji game da irinmu shi ne ba mu durƙusa wa manya, ba mu salla, kuma da ƙarfe muke cin tuwo. Da manyana suka aika da maganar neman Rabi, bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Cewa ya yi, "Ku kawo min yaron in gan shi da idona." Ga kuma ƙanensa, Baffa Jibo, wanda ke da wani ɗan abokinsa mai fataucin goro da yake so a ba Rabi, kullum yana kunnen wansa yana zuga shi.

Rabi ta ja min kunne kafin ta koma gida. Ta ce, "Babana ba ya yawan tambaya. Kallo yake yi. In ya gama kallonka ya gama maganarka."

Ni kuwa da na ji "kallo", sai hankalina ya tafi wurin tufafi.

Direktan lakwal ɗinmu wani Bafaranshe ne ɗan tsurut, mai yawan zufa, mai kirki daidai gwargwado. Da ya ji zan je neman aure, sai ya buɗe akwatinsa ya ɗauko min takalmi sau-ciki, baƙi wuluk, mai igiya, yana ƙyalli har kana ganin fuskarka a ciki. Na karɓa da hannu biyu ina godiya. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne ƙafar direkta kamar ta budurwa take, tawa kuwa ƙafar ɗan manomi ce, faffaɗa kamar faifai. Da na je gida na gwada, yatsu suka shiga, dunduniya ta ce ba da ita ba. Na cire safa don ƙafar ta sami wuri. Na shafa sabulu. Na sa mariƙin cokali na danna, na yi nishi, har ta faɗa ciki. Na miƙe na taka daga bakin gado zuwa ƙofa kamar mai tafiya a kan ƙaya, na ce wa kaina ai fata ce, za ta saki. (Ba ta saki ba. Fatar da ta saki tawa ce.)

Kawu Sale ne ya raka ni, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Muka hau kamyon gyaɗa, babbar motar kaya, zuwa Dungas, muka kwana wurin dangi, aka ara wa Kawu doki, ni kuma aka ba ni wata tsohuwar goɗiya da ko likkafa ba ta da ita. Da safe Kawu ya iske ni zaune a kan turmi ina fama da cokali.

Ya ce, "Kai yaro, sa wannan abin a jaka. In mun hango gari sai ka sa."

Na ce, "Kawu, in na cire shi yanzu, sa shi kuma aiki ne."

Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya ce, "To, ƙafarka ce."

Gaskiyar magana, so nake duk wanda muka gamu da shi a hanya ya gani. Kuma sun gani. Mata masu tallar nono suka bi ƙafata da kallo, wani makiyayi har ya tsaya ya jingina da sandarsa. Ni kuwa ina bisa goɗiya ina ɗan karkata ƙafar don rana ta haska ta. Bazara ce, ranar kuwa ta haska ta yadda ya kamata. Baƙar fata ta ɗauki zafi, ƙafafuna suna reto ba wurin dafawa, tun ina jin zugi har na daina jin komai daga idon sawu zuwa ƙasa. Na ma yi murna, na ce to ga shi ya saki.

Muka shiga Guci gab da azahar, kuma ranar kasuwa ce. A ƙofar gidan Malam Ilu akwai wata babbar tsamiya, a ƙarƙashinta an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun cika wurin: 'yan'uwansa, maƙwabta, da waɗanda suka zo kasuwa suka ji an ce yau za a kawo ɗan lakwal, suka ce bari su tsaya su ga irinsa. Malam Ilu na tsakiya a kan buzu, dogo, siriri, da farin gemu, yana jan carbi.

Muka sauka daga nesa kamar yadda ya dace. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na ji kamar na dira a kan garwashi, amma na cije. Kawu ya zame takalmansa cikin sauƙi, ya rusuna ya nufi tabarma yana sallama. Ni ma na sunkuya, na kwance igiya, na kama dunduniyar takalmin na ja.

Shiru.

Na sake ja. Ko motsi. Na duba sai na ga ƙafata ta kumbura ta tumbatso ta saman takalmin kamar ƙullun da ya kwana ya fi ƙarfin tukunya. Na gwada ɗayan, shi ma haka. Na sa tsinin wannan na taka dunduniyar wancan, na ja har na ga taurari da rana tsaka. Can Kawu ya gama gaisuwa, an amsa, kowa ya juyo yana jiran yaron da aka zo gani. Yaron kuwa yana tsaye a rana, nesa da tabarma, da takalmi a ƙafa.

Kawu ya waiwayo ya yi min magana ƙasa-ƙasa ta cikin haƙora, "Cire mana!"

Kafin in amsa, sai wani mai kama da Malam Ilu amma ya fi shi jiki ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ban taɓa ganinsa ba, amma nan take na san Baffa Jibo ne. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Yaya, ai na gaya maka. Waɗannan ba su cire wa kowa takalmi. Mu ƙauyawa ne a wurinsu. Jira yake a kawo masa kujera."

Na buɗe baki in ba da haƙuri. Kun san abin da ya fito? "Pardo." Wallahi da Faransanci. Ban san inda Hausata ta gudu ba. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi, "Me ya ce?" Wancan ya ce, "Ina jin zagi ne."

Sai na zauna a kan rairayi, na kama takalmin dama da hannu biyu, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na fizga. Hannuna ya suɓuce. Na tafi rigingine, hulata ta yi nata wuri, ƙafafuna biyu suka tashi sama, tafin takalman direkta suna kallon fuskar mutumin da na zo neman 'yarsa.

Har carbin Malam Ilu ya tsaya. Can daga bayan darnin gidan, inda mata suka taru suna leƙe, na ji wata dariya ta kufce, an yi saurin toshe ta da mayafi. Na san dariyar nan. Ko cikin kasuwa na ji ta zan gane ta.

Ina kwance ina kallon rassan tsamiya, Shaiɗan ya zo kunnena da shawara. Ya ce tashi ka karkaɗe rigarka ka ce musu doka ce, kumandan ya hana ma'aikacin gwamnati cire takalmi. Wa zai je bariki ya tambaya? Na kusa ɗauka, don a lokacin gara min a ce mai girman kai ne da a ce wawa ne. Amma sai na tuna mai girman kai zai koma Magariya da takalminsa, Rabi kuma ta tafi gidan mai goro.

Na tashi na ja gwiwa har bakin tabarma, takalman suna jan ƙasa a bayana, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, don Allah a gafarce ni. Wallahi ba raini ba ne. Takalmin ne ya ƙi fita. Na Nasaran da nake aiki a ƙarƙashinsa ne, ya ba ni, ya yi min kaɗan, ni kuma na ga yana ƙyalli na ce sai na zo muku da shi don ku ce ni wani ne. Da sabulu da cokali na sa shi. Kawu ya hana ni ban ji ba. Tun safe nake kuka a cikinsa. In akwai mai taimako a taimake ni."

Wani ya fara "hmm", wani ya kama, sai wurin ya fashe. Dattawa masu furfura suna riƙe ciki, wani yana bugun cinyar ɗan'uwansa yana cewa, "Da cokali! Ka ji, da cokali!" Kawu Sale ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Abin mamaki, da na ji su suna dariya sai nauyin da ke ƙirjina ya sauka, na ji ni ma ina yi. Mutum ɗaya ne bai ko murmusa ba: Malam Ilu. Kallona kawai yake yi.

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga gida da ɗan koko a hannu, tana tafe tana dogara sanda. Kakar Rabi ce, Iya Dije, mahaifiyar Malam Ilu, wadda shekaru suka ba ta izinin shiga duk inda ta ga dama. Ta ce, "Ku matsa min in ga mijin nawa. Kai, angona, haka za ka zo min, a ɗaure kamar ɗan maraƙi? Miƙo ƙafar." Man shanu ne a cikin kokon. Ta tsuguna ta riƙa cusa shi da yatsa ta gefen takalmin tana min tsiya, wai in wannan ne ilimin Nasara to ita ta gode, jahilcinta bai taɓa kama mata ƙafa ba.

Ta ce a sami mai ƙarfi ya ja. Ta dubi ɗanta ta ce, "Jibo, kai da bakinka ya fi na kowa ƙarfi, zo mu ga hannun." Ba shi da yadda zai yi. Kawu ya riƙe ni ta hammata, Baffa Jibo ya kama takalmin hagu yana ɓata rai, ya dage ya ja. Man shanu ya yi aikinsa. Takalmin ya fita fut, kamar an cire toshiyar gora, Baffa Jibo ya tafi da baya da shi a hannu ya zauna daɓas cikin kaskon ruwan kaji. (Allah ya jiƙansa, daga baya mun zama aminai, amma har ya rasu ba a ambatar kaji a gabansa.)

Na dama kuwa ya ce ko za a yi me. An ƙara mai, an ja, an murɗa, hawaye suna zubo min ba da izinina ba. Ana cikin haka ladan ya kira azahar. Mutane suka fara miƙewa suna neman butoci. Baffa Jibo yana matse bayan rigarsa ya sami abin faɗa, ya ce, "To, yau dai an sami uzuri. Dama an ce ba su damu da salla ba."

Na ce, "A taimake ni da wuƙa."

Kawu ya sunkuyo ya ce, "Kai, kyautar Nasara ce fa. In ya tambaye ka?" Wani dattijo ma ya ce haba, a yi haƙuri rana ta yi sanyi ƙafar za ta saɓe, takalmi irin wannan ko a Damagaram ba kowa ke da shi ba.

Na ce, "Salla ba za ta jira ƙafata ba. A ba ni wuƙa."

Sai Malam Ilu, wanda tun zuwanmu bai ce min uffan ba, ya sa hannu cikin hannun rigarsa, ya zaro wuƙar da ke damtsensa, ya juya ta ya miƙo min ta wajen ƙota. Na karɓa da hannu biyu. Na sa bakinta a gefen takalmin na tsarge shi tun daga sama har tsini. Ƙafar ta fito jawur, duk bororo, dunduniya ta saɓule, tana ƙyallin man shanu. Ban taɓa jin daɗin iska kamar na lokacin ba. Na goge wuƙar a wandona na mayar masa, na karɓi buta na yi alwala ina cije leɓe, na ɗingisa na shiga sahu. Ina tsayawa na ji an kama hannuna an jawo ni gaba. Malam Ilu ne, ya tsayar da ni kusa da shi.

Bayan an idar aka koma gindin tsamiya, aka kawo fura. Ya bari har na sha na ajiye ludayi, sannan ya ce, "Yaro, da sabulu ka ce?"

Na ce, "Da cokali, Baba."

Sai a lokacin ya yi dariya, irin ta mutumin da ya daɗe yana riƙe ta, har sai da ya goge ido da gefen rawani. Da ya natsa ya juya wurin Kawu ya ce, "Malam Sale, 'yar nan tawa ba ta iya ganin wauta ta yi shiru ba. Tun tana ƙarama nake tunanin wane namiji ne zai iya zama da bakinta bai yi zuciya ba. Wannan yaron ya faɗi tasa wautar da bakinsa gaban jama'a, aka yi masa dariya ya taya. Za su iya zama. Ku turo manya a sa rana bayan girbi."

Ina zaune da ƙafafu kamar an dafa, riga duk rairayi, hula ban ma san wanda ya tsinta ba, amma wallahi ko kumandan a bisa kujerarsa bai kai ni jin sarauta ba.

Sai dai ban tsira haka nan ba. Ƙafar ta hana ni hawa goɗiya, dole muka ƙara 'yan kwanaki a Guci. Iya Dije ta ce ita za ta yi jinyar mijinta, kuma maganin ƙafar da ta saɓule a wurinta ɗaya ne: lalle. Na ce, "Iya, ni fa namiji ne, kuma malamin lakwal." Ta ce, "Da kake kwance ƙafa a sama ban ga lakwal ba." Ta kwaɓa shi da kauri ta ƙunsa min har idon sawu, ta ɗaure da tsumma. Da aka kwance, ciwo ya yi sauƙi ƙwarai, amma ƙafafuna sun yi jawur kamar na amaryar da za a kai ɗaki gobe. Da yamma Rabi ta kawo wa baƙi tuwo zaure, ta ajiye, ta saci kallon ƙafata, ta ce a hankali, "Mushe, ka riga ni. To ni me zan sa ranar bikin?"

Haka na koma Magariya cikin takalmin fata irin na makiyaya wanda surukina ya ba ni, yatsu a waje, jajaye. Ranar da na shiga aji na ga idon yara duk ya sauka ƙasa, bakuna suna motsi. Na ajiye alli na ce, "Ku rufe littattafai. Yau zan ba ku labarin yadda malaminku ya je neman aure." Na ba su tun daga cokali har kaskon kaji. Suka yi dariya har direkta ya leƙo ya ga ko lafiya, shi ma na juya masa da Faransanci, ya zauna a kan benci yana share hawaye da zufa. Daga ranar ba yaron da ya sake yi min raɗa a baya, don ba abin da ya rage da za a raɗa.

Aka yi biki bayan girbi, muka zauna da Rabi shekaru masu yawa cikin rufin asiri, da faɗanmu da shirinmu. Abin da na koya kuma na riƙe shi ne, in abin kunya ya same ka, yi maza ka riga kowa ba da labarin. Mutane za su yi dariya ko ka so ko ka ƙi, amma in kai ka fara, sai su matsa maka wuri a tabarma ku yi ta tare. Na yi amfani da wannan a wurin aiki, na yi a cikin gida, bai taɓa ba ni kunya ba. Mutum ɗaya ce kawai ban taɓa iya riga ba. Duk baƙon da ya zo gidanmu, kafin in gama tambayarsa gajiya, Rabi ta riga ta kai masa labarin har wurin lallen.